Yadda Muka Mai da Wari Fasfo a Hanyar Challawa

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, kuma ba ni na tsayar da shi ba, malamin lissafi ne, shi da wata dorina tasa. Amma idan ana maganar shingen bincike a kan hanya, ina roƙon masu digiri su gyara zama su saurara, domin a wannan fanni ni ne babba. A tsaye na yi kwas ɗinsa, hannuwa a sama, riga a wuya, safe da yamma, kuma ban taɓa fashi ba.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa, ɓangaren da ake jiƙa ƙirgi a kankare gashi. Ina haya a Sharada, a wani gida mai ɗakuna jere kamar haƙoran tsoho, wani a tsaye wani a karkace. Ɗakin da ke jikin nawa na wani Badamagare ne, abokin aikina. Tun ranar da muka fara haɗuwa na sanar da shi cewa shi bawana ne, kamar yadda ya wajaba a kan kowane Bakano mai hankali in ya ga mutumin Damagaram. Shi kuma ya ce kakansa ya taɓa zuwa har bakin ganuwa ya kwashi irina, ya kai su can suna yi masa ɗiban ruwa. A kan wannan fahimtar juna muka zauna lafiya shekara da shekaru.

Keke ɗaya muke hawa zuwa aiki, kuma nawa ne. Ni nake tuƙi, shi yana zaune a kan kariya yana ba da umarni: kauce wa ramin nan, rage gudu, ƙara gudu. In na ce masa ban taɓa ganin inda ubangida yake tuƙa bawansa ba, sai ya ce, “To yanzu ka gane wane ne bawan.”

Sai aka yi abin nan na cikin gari. Duk wanda ya yi wayo a Kano a farkon shekarun tamanin ya san abin da nake nufi: mutanen malamin nan da ya ce keke da agogo da rediyo duk kayan wuta ne. An yi kwanaki ana harbi, an rasa rayuka masu yawa, kuma a nan ba ni da abin dariya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Dariyata ta abin da ya biyo baya ce.

Da ƙura ta lafa, sai magana ta bazu cewa ragowar mutanen sun watsu sun saje da leburori, musamman waɗanda suka zo daga ƙauyuka da ƙetaren iyaka. Wata safiya muka fito, muka tarar an datse hanya tsakanin Sharada da Challawa: duro biyu, katako mai ƙusoshi, benci a gindin darbejiya, da masu kaki riƙe da bindigogi. Saja yana kan benci, kofur yana tsakiyar titi. Akwai gonaki ta baya inda mutum zai iya zagayewa, amma an ce wanda aka kama a gona ba a yi masa tambaya. Don haka kowa ya bi layi.

Masu shingen ba su san fuskar waɗanda suke nema ba. Mu ma ba mu sani ba. Abu ɗaya kowa ya ji, mutanen sun tsani agogo. Saboda haka aka yi tunani mai zurfi, aka gano cewa duk wanda ba shi da agogo a hannu abin tuhuma ne.

Kafin mako ya zagayo Sharada ta zama garin masu agogo. Mai gyaran agogo na bakin kasuwa yana da gwangwani cike da matattun agoguna tun zamanin fam da sule, ya sayar da su kaf. Na ga mai tura baro da agogo. Na ga mai yankan farce da agogo biyu, ɗaya a kowane hannu, don kada a ce imaninsa da agogo bai cika ba. Mu kuwa muka ɗauka mun tsira, tunda a kan keke muke, kuma keke ma shaida ne. Amma kofur ya yanke hukunci cewa keke shaidar mai tuƙi ce kawai, na baya yana iya yiwuwa ɗauko shi aka yi ba da son ransa ba.

Haka muka samo wa Badamagare nasa agogon. Mai kyau ne, ruwan zinare, sai dai ya riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa. Da farko ya yi aiki. Daga baya kofur ya yi wayo, ya fara tambayar mutane ƙarfe nawa. Bawana kuwa da rana yake gane lokaci, in ka nuna masa fuskar agogo kamar ka nuna masa jaridar Turanci ne. A nan ilimina na aji huɗu ya yi rana. Kafin mu fito sai in juya hannuwan agogonsa in ajiye su a kan lokacin da muke isa shinge, in sa shi ya haddace amsar kamar karatun allo. Da yamma in sake juyawa, ya sake hadda.

Matsalar ita ce agogon ba ya bin mu, mu muke bin sa. In mun yi sauri, sai mu laɓe a bayan wata katanga mu jira har nawa agogon, mai rai, ya cim ma nasa. In layi ya yi tsawo, sai in kama hannunsa kamar muna gaisawa, in tura lokaci gaba kaɗan, in raɗa masa sabuwar amsa. Ban san wani Bakano da ya taɓa riƙe hannun Badamagare sau da yawa haka ba.

Ranar da asiri ya so tonuwa, kofur ya kama hannun ya kara a kunne.

“Wannan agogon ba ya motsi.”

“Hutawa yake, yallaɓai,” in ji ni. “Ɗan ƙasar waje ne, ba ya son hayaniya.”

“Kai na tambaya?”

“Ai bawana ne, yallaɓai. Ni nake magana a madadinsa.”

Dalilina shi ne, in mutumin nan ya buɗe baki, Damagaram ce za ta zubo gaba ɗayanta, da kasuwarta da raƙumanta. Kofur ya dube ni ya dube shi, ya ce tunda ni ne ubangida, to in yi tsallen kwaɗo na mutum biyu, zuwa gindin darbejiya da dawowa. Na kama kunne na yi. Bawana yana tsaye riƙe da keke, fuska a ɗaure kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Sai da muka yi nisa na ji kariya tana girgiza.

“Wallahi, Bakano, ban taɓa jin daɗin bauta ba kamar yau.”

Da a agogo abin ya tsaya, da labarin nan ya ƙare da dariya. Amma sai sabuwar magana ta fito, cewa mutanen suna da tambari a ciki, wai wasu zane-zane da ake yi musu a fatar ciki in sun shiga. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ga tambarin da idonsa ba, kowa daga wani ya ji. Duk da haka umarni ya sauko: kowane namiji ya ɗage riga.

Jama’a, ban san Kano tana da tumbi iri-iri haka ba sai a lokacin. Akwai mai kama da tulu, akwai mai kama da faranti, akwai wanda in ka gani sai ka ba shi karin kumallonka. Helumanmu, mai kula da leburori, wanda a cikin kamfani ko kallon idonsa ba ma iyawa, mun ga cibiyarsa, kuma daga ranar tsawarsa ta rage kaifi. An taɓa fito da wani Alhaji ɗan kwangila daga mota, sai da aka ɗage babbar riga, aka ɗage ’yar ciki, aka ɗage shimi, kamar ana ɓare albasa, shi kuwa yana ta ambaton manyan mutanen da ya sani.

Amma wannan duk daga baya na gani. A ranar farko ba mu kai shingen ba. Waɗanda suka taso daga aiki suka tare mu a hanya suka ba mu labari, sai na ji an ja rigata ta baya.

“Tsaya.”

“Bawa ba ya ce wa ubangidansa tsaya. Cewa yake, don Allah—”

“Tsaya, na ce.”

Ya ja ni bayan katangar nan da muke jiran agogo, ya ɗage rigarsa. A gefen hagu, ƙasan haƙarƙari, ga tsage-tsage nan ƙanana a jere, layi bayan layi, tsaf kamar an rubuta da alƙalami. Yana yaro saifarsa ta kumbura, aka kai shi wurin wanzami ya yi masa tsaga ya shafa magani. Rabin yaran ƙauyensu suna da ita. Ni ma na san ta, kowa da ya tashi a ƙauye ya san ta. Amma da na kalle ta da idon kofur, wallahi ni kaina sai na ga ta yi kama da rubutu.

Ga yadda lamarin yake. Mutumin nan ba shi da takardar komai, domin lokacin da ya shigo iyaka wata bishiya ce da ake wucewa a gindinta. Matarsa tana ɗaki da tsohon ciki, na fari. Waɗanda aka ɗora a mota daga shingen nan, wasu sun dawo bayan kwanaki da kumburarrun ƙafafu, wasu an ce an kai su bakin iyaka an sauke, wasu kuwa har yau ba a ce komai ba. In ya bi ta shinge, mota. In ya zauna a gida, heluma zai ba wani gurbinsa, don kullum akwai mutane a bakin get suna jiran wani ya yi tuntuɓe. Na ce masa, “Bawana, za mu san yadda za a yi.” Bai rama ba. A ranar na san abin ya kai inda ya kai.

Ya koma gida, ni na wuce na ce wa heluma zazzaɓi ya kama shi. Zazzaɓi kuwa a wurin helumanmu kwana biyu yake yi, na uku sallama ce.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba, daga famfo. Al’adarmu in an tashi aiki sai mu yi wanka a famfon kamfani da sabulun soda, mu rataye kayan aiki a ƙusa, mu sa na gida. A yammacin ranar ruwa ya ɗauke. Na ce ba zan ɓata rigata mai kyau ba, na hau keke da kayan aikina yadda nake.

Mai karatu, in ba ka taɓa shiga inda ake jiƙa ƙirgi ba, kada ka ce ka san wari, labarinsa ka ji. Fata ce da ta yi tafiya daga nesa cikin gishiri, a zuba ta a ruwa ta farka, a kankare naman da ya rage a jikinta, a haɗa da maganin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙuda ma sai ya yi shawara da iyalinsa kafin ya shigo. Mu da muke ciki hancinmu ya daɗe da yin ritaya.

Ina isa layi na ga mutane suna darewa. Na ɗauka girmana suka gane a ƙarshe. Kofur ya tako zai ce in ɗage riga, iska ta kaɗo daga bayana, ya tsaya cak kamar ya ci karo da bango. Ya cusa hanci a gwiwar hannu, ya ɗaga bindiga yana nuna mini hanya.

“Wuce, wuce. Kada ka tsaya.”

Na wuce. Ban yi nisa ba na sauka daga keke na tsaya a bakin hanya ina jinjina wa kaina.

Washegari muka fito da shiri. Kayan aiki a jiki, ba wanki, ba wanka sai an dawo gida. Don ƙarin tabbaci muka ɗaura wani tsohon buhu a ƙarƙashin kariya, muna zuba masa kankararren naman ƙirgi, muna sabuntawa in ya fara rauni. Tun daga nesa nake kaɗa ƙararrawa. Layi ya buɗe mana kamar motar asibiti, kofur ya juya baya yana fifita da hula, saja ya tashi daga benci ya zagaya bayan darbejiya. “’Yan jima ne, a bar su su wuce.” Ba agogo, ba ciki, ba tambaya. A duk faɗin hanyar Challawa ba wanda ya kai mu ’yanci, har da masu mota.

Sai dai ’yancin yana da tsada. Warin jima in ya kwana a riga yakan shige fata, wanka ɗaya ba ya fitar da shi. Mai shayin bakin layinmu ya ware mana benci namu na musamman, a tsallaken kwata. A masallaci, limaminmu wanda kullum sai ya juyo ya ce a cike sahu a haɗa kafaɗa, ya daina faɗa, kuma ni da bawana muka riƙa salla da fili dama da hagu kamar manyan baƙi. Matar Badamagare da cikinta ba ta iya jurewa, da ta shaƙa sai amai, don haka aka yanke cewa kayansa a ƙofar ɗakina za a riƙa rataye su tare da nawa. Uwar ’ya’yana ta dubi rigunan nan biyu, ta dube ni.

“Malam, wai kai ne ubangidan ko shi?”

“Harkar tsaro ce, ba za ki gane ba.”

“Na gane. Tura tabarmarka zaure.”

Labari ya bazu. Sauran ’yan jima suka kwaikwaya, ba tare da sun zo sun yi mini godiya ba. Har wani akawu na kamfanin roba, mai farar riga da biro a aljihu, ya tare ni ya roƙi in ɗan goga masa hannun rigata a kafaɗa, wai ya gaji da nuna cibiya a gaban yaransa na ofis. Na goga masa, don ni ba na rowar ilimi.

Mun yi makonni a haka. Wata safiya muka taho ina kaɗa ƙararrawa, layi ya dare, sai na ga kofur ɗin tsakiyar titi ba wanda muka sani ba ne. Wani siriri ne, mai sanyin fuska. Bai ja da baya ba. Bai toshe hanci ba. Muna matsowa ya lumshe ido ya ja numfashi mai tsawo, kamar wanda ya shiga ɗakin amarya.

“Kun tuna mini da gida,” ya ce, da Hausar cikin birni tsantsa. “Ubana majemi ne. A bakin kwatarniyar jima aka yaye ni. Ku sauko.”

Muka sauko. Na ɗage rigata tun kafin ya nema, na turo ciki gaba, ina fatan ya shagala da kyansa. Ya kalla sau ɗaya ya wuce ni. Ya tsaya a gaban Badamagare.

“Malam, bismilla.”

Hannun bawana ya ƙi tashi. Kofur da kansa ya kama bakin rigar ya ɗaga. Na lura kafin ya ɗaga sai da ya gyara tsayuwa, bayansa ya tare tsakaninmu da bencin saja. Ya daɗe yana kallo.

“Saifa?”

“Saihwa, ranka shi daɗe.”

Shi ke nan, Damagaram ta zubo. Kofur ya ɗaga ido.

“Yallaɓai,” na fara, “wannan ai bawa—”

“Malam, yi shiru.” Ya saki rigar ta sauka, ya rage murya. “Ƙanena yana da irinta, na san ta. Amma wancan da ke kan benci bai san ta ba, kuma ba ya tambaya. Kuna zaton ba a gane dabararku ba? Saboda ku aka kawo ni nan, an ce a nemo wanda wari bai dame shi ba. Yau ni kaɗai na duba, ban ga komai ba. Gobe ban san wa zai tsaya a kusa da ni ba. Ka zaɓi gefe ɗaya ka zauna, ko can ko nan. Kada ka ƙara biyowa ta gabana.”

Badamagare ya waiga wajen Sharada. Ya dubi gaba, inda hayaƙin kamfanoni yake tashi. Daga gindin darbejiya saja ya ɗaga murya yana tambayar me ake jira da waɗannan masu warin. Sai na ji nauyi ya hau kariya.

“Tuƙa, Bakano.”

“Ina?”

“Gaba. In na koma, mi za ta ci?”

Haka mutumin da bai yi wa kowa laifi ba ya koma zaman sito. Maigadin kamfani, wani dattijo mai tausayi, ya bar shi yana shimfiɗa buhu a kan tarin fatu masu gishiri. Daga sito zuwa wurin aiki, daga wurin aiki zuwa sito. Ba a kama shi ba, ba a ɗaure shi ba, ba wanda ya rubuta sunansa a ko’ina. Gidansa yana nan inda keke yake kaiwa kafin gumi ya bushe, amma ya fi Damagaram nisa.

Ni na zama ɗan aike. Kullum da safe matarsa takan miƙo kwanon abinci ta bayan labule, in ɗaure a kariya inda yake zama. A shinge kuwa saja ya gano cewa ana iya ɓoye makami a cikin abinci, don haka yake buɗe kwanon da kansa. Cikin ikon Allah ba a taɓa samun tuwo da laifi ba, miya ma tana wucewa lafiya, amma nama kullum ana tsare shi don ƙarin bincike.

Tana can ta haihu, namiji. Ni na kai masa albishir, na same shi tsaye a ruwan jiƙo har gwiwa. Ya fito ya zauna a kan fatu, sai ya tambaye ni ko yaron yana da hanci irin na mutane ko irin na Kanawa. Aka yi suna babu shi. Ya faɗa mini sunan da yake so a kunne, na ɗauko shi a kan keke na tsallake shinge da shi, kuma wannan kaɗai ne kayan da saja bai taɓa buɗewa ba. Ni na zauna a tabarmar uban jariri ina karɓar barka, ina ce wa mutane maigidan ya yi tafiya.

Wata yamma na tashi aiki na ga ya ɗaura takalmi yana kallon gonaki.

“Ina zuwa?”

“In gan shi in komo. Ba wanda zai gan ni cikin dawa.”

“An girbe dawa, bawan Allah. Kan kara za ka ɓuya?”

“Ɗana ne, Bakano.”

“Na sani. So kake in koma in ce mata me?”

Ya sunkuya ya kwance takalmin. A ranar muka yanke shawarar da ya kamata mu yanke tun farko: tunda shi ba ya iya zuwa gida, gida zai zo. Ba a ɗage rigar mata a shinge. Ya samu ɗaki a cikin ƙauyen Challawa wurin wani manomi mai lambu a bakin kogi, wanda ya ce wari ba zai hana shi ba da haya ba, tunda shekara da shekaru iska tana kawo masa shi kyauta. Abin da ya rage shi ne tsohuwar gidanmu mai yi wa maijego wanka, wadda ta rantse ko gwamna ne ya aiko ba za a fitar da yarinyar nan ba sai ta yi arba’in. Ita ma shinge ce, kuma ta fi saja tsanani. Muka jira.

Ranar tashi muka ɗauko a-kori-kura. Gado, tabarmi, tukwane, turmi, kwalla, kekena a sama, ni a kan kaya, maijego da jariri a gaba kusa da direba. Na riga na gargaɗi Badamagare ya jira mu a ƙauye. Muna isa shinge na hango shi can gaba, jikin katangar wani kamfani, sanye da wankakkiyar riga, ɗan ƙarami kamar ƙusa.

Saja ya ce a sauke komai. Ya ƙwanƙwasa turmi ya saurara. Ya leƙa tulu. Ya buɗe kwalla ya zazzage zannuwa. Duk tukunyar da ya ɗaga, sai in ga ƙusar nan ta ƙara girma, mutumin yana matsowa taku bayan taku. Na shiga kaɗa hannu a iska ina kora shi.

“Me kake kora?” in ji saja.

“Ƙudaje, yallaɓai. Sun saba da ni.”

Ya zagaya gaban mota ya leƙa.

“Wannan fa?”

“Ƙanwata ce, zan kai ta ɗakinta.”

“Ke, daga ina?”

Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. In ta amsa, Hausarta irin ta mijinta ce.

“Kurma ce?”

“Jego take, yallaɓai. Kuma a gidanmu mace ba ta magana da mai bindiga, sai mijinta.”

Saja ya fara kumbura. Na waiga, bawana ya kusa kai inda ake iya gane fuskarsa. Sai kofur ɗan majema ya tako a hankali, bai ko kalle ni ba, ya ce, “Oga, layi ya kai kwana, kuma ga motar manya can tana jira.” Saja ya dubi layin, ya ja tsaki, ya shuri tabarma ya ce mu kwashe tarkacenmu. Ban taɓa loda mota da sauri irin na ranar ba, har turmi ni kaɗai na ɗaga, abin da bayana yake tuna mini har gobe.

Sai da muka sha kwana, shinge ya ɓace, direba ya tsaya. Badamagare ya iso yana haki. A al’ada uba ba ya rawar jiki a kan ɗan fari a gaban mutane, amma ya miƙa hannu ta taga ta ba shi yaron. Bai dubi hancin ba. Ya ɗage ’yar rigar, ya karkata shi wajen haske, ya duba cikin dama da hagu.

“Kai ma ka zama kofur?” na ce.

“Wanzami bai taɓa nan ba?” ya tambayi matarsa.

“Ban bari ba,” in ji ta. Ranar na fara jin muryarta sosai.

Muka kai su ɗaki, muka jera kaya, na sauke kekena na juyo ni kaɗai.

Shingen ya ƙara wasu watanni. Wata safiya na zo na tarar babu duro, babu katako, sai benci da ɓawon gyaɗa. Ba wanda ya yi sanarwa, ba wanda ya ce an kama waɗanda ake nema ko an fasa nemansu. Na isa kamfani na same shi a bakin ruwan jiƙo.

“Bawana, an buɗe hanya. In an tashi hau mu shiga gari, ka ga duniya.”

“Wa ya ce an buɗe?”

“Idona.”

“Wa ya ce ba za su komo ba?”

Wannan kam ko aji huɗu bai koya mini amsarta ba. Ya ce mu bari sai gobe. Goben ta zo ya ce wata goben. Ɗakinsa na Sharada aka ba wani mai gyaran rediyo. Bai yarda ya sake bin hanyar nan ba sai da yaron ya fara tafiya, kuma ko a ranar, da muka zo daidai darbejiya, ya sa na ƙara gudu.